Wane alƙalamin feshi zan saya don fuskar zabo?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina taya malaminmu shirya tsuntsayen da ake cusa fatarsu a ajiye wa ɗalibai a ɗakin gwaji. Na gama zabo guda, gashinsa ya kwanta lafiya, amma da ya bushe sai fuskar ta dushe ta yi baƙi-baƙi, jan leɓen nan ya tafi gaba ɗaya. Na gwada burushi, fentin ya yi kauri kamar an shafa kwalli da yatsa. An ce in nemi alƙalamin feshin iska. Wanne zan saya? Na ga masu allura mai milimita 0.2, na ce ko ita ce daidai tunda aikin ƙanana ne.

Baba Mai Tsuntsaye: Wa alaikumus salam. Yaro, kafin maganar allura, ka ɗauki hoton zabon yana sabo? Fatar da ba gashi, da baki da ƙafa, duk launinsu guduwa yake idan sun bushe. In ba hoto, je kasuwar kaji ka tsaya kan mai rai ka ƙare masa kallo. Fuskar fara ce mai ratsin shuɗi, ƙahon kan kuma ruwan ƙasa ne, kuma ba inda launi ɗaya ya yanke tsaf ya bar wa wani. Wannan sajewar ce burushi ba ya iya ba ka.

Ni shawarata ka nemi mai kofi a sama, wanda fenti ke gangarowa da kansa, kuma kunamarsa mai aiki biyu: ka danna iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Iwata Eclipse HP-CS nake riƙe da shi, allurarsa 0.35. Da shi nake zagayen ido da gefen baki, ban taɓa jin ya gaza ni ba.

Ɗan Samaru: Baba, 0.35 ba ta yi girma ba?

Baba Mai Tsuntsaye: Siririn layi daga hannu yake fitowa da tsinkin fenti. Ka matso kusa, ka rage iska zuwa 15 ko 18 a agogon kwamfuresa, ka ja kunama kaɗan. Allura 0.2 kuwa a hannun sabon shiga, rabin yininka a wankin toshewa zai ƙare.

Yaya na Minisota: Na goyi bayan Baba, amma bari in ƙara. A nan Amurka ina aiki a shagon wani dattijo mai haɗa kawunan barewa da kifaye wa mafarauta. Shi har gobe Paasche H yake ɗauka, mai aiki ɗaya, kwalba a ƙasa. Ba ya lalacewa, wankinsa minti biyu, kuma da shi ake shimfiɗa launin farko a jikin kifi ko cikin kunnen barewa. Amma da an zo ɗigon jikin kifi ko jijiyoyin cikin kunne sai ya miƙo min, in ɗauko Iwata HP-B Plus mai 0.2. Wato kowanne da gurbinsa. In kuɗinka na guda ɗaya ne, ƙanena, bi maganar Baba. HP-B bakinsa ɗan mitsitsi ne mai zare, da ƙaramin sifana ake kwance shi, ka ɗan matsa da ƙarfi ya karye a ciki. Bakin Eclipse kuwa zura shi kawai ake yi, babba ne, ko ya faɗi ƙasa za ka gan shi.

Anti Mai Zane: Ni ba dabbobi nake yi ba, zane nake a kan fata da katako, amma kayan aikinmu ɗaya. Harder & Steenbeck nake so, na Jamus. Infinity ɗin da ke hannuna ya zo da allura biyu, 0.15 da 0.4, kuma da hannu ake kwance bakinsa ba sifana. Yana da tsada, ban ɓoye maka ba. Abin da na shigo in faɗa shi ne: duk wanda za ka yi oda, sa allura da baki na ajiya a cikin kaya ɗaya. Tsinin allura ya lanƙwashe maka ranar Talata, a Kano ko Kaduna ba lallai ka samu madadinsa ba, sai ka zauna makonni kana jiran saƙo.

Usman Mai Fentin Mota: Ranku ya daɗe, ba wanda ya tambaye shi wane fenti zai zuba. In fentin tina ne, wato wanda ake tsinkawa da tina maimakon ruwa, roba ba ta jure masa. Na taɓa sayen wani marar suna mai araha, kwana kaɗan zoben robar da ke ciki ya kumbura, fenti ya riƙa komawa baya yana shiga wajen kunama. A duba a ga an rubuta PTFE, wato irin zoben da ke jure tina, a maƙallin allurar. Kuma fentin tina ba a fesa shi da takunkumin yadi, sai mai gwangwani biyu na tace tururi, a buɗe taga.

Yaya na Minisota: Gaskiyarka Malam Usman. Mu fentin Polytranspar da Lifetone muke amfani da su, kuma akwai na tina akwai na ruwa. Ga ɗakin da ɗalibai ke shiga, na ruwa ya fi kwanciyar hankali.

Baba Mai Tsuntsaye: Na ruwan yana da nasa hali a ƙasarmu. Da hunturu iska ta bushe, fenti na daskarewa a tsinin allura kafin ka gama layi biyu, sai ka ji ya tsaya, ka ƙara ja, ya yi maka tofi a fuskar tsuntsu. Ajiye auduga mai laima kusa, kana goge tsinin a hankali. Tsinka fentin ya zama kamar madarar da aka tatso yanzu, in ya kai kaurin kindirmo ba zai wuce ba. In kuma ka ga yana watsuwa kamar ƙafafun gizo-gizo, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi ƙarfi. Ni ina tace nawa da siririn ƙyalle irin na tatar koko. Da damina kuma ruwa ne ke taruwa a tiyo, don haka matatar ruwa dole ce.

Ɗan Samaru: To kwamfuresa fa? Akwai na masu faci kusa da mu.

Usman Mai Fentin Mota: Bar wannan, iskarsa da mai take zuwa. Nemi ƙarami marar mai irin AS-186, tankinsa lita 3, iskar ba ta rawa. Zaren tiyonsa ya dace da Iwata kai tsaye. Paasche da Badger ne sai ka nemi mahaɗi daban.

Anti Mai Zane: Kuma kada ka fara a kan zabon. Sami ƙwai ka dafa, ka koyi ɗigo da sajewa a bayansa, tunda shi ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne.

Ɗan Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Eclipse zan nema da allura ɗaya ta ajiya. Baba, farin zan fara sawa ko shuɗin?

Baba Mai Tsuntsaye: Fari, siriri, sau biyu, ka bari ya sha iska. Shuɗin hayaƙi-hayaƙi za ka yi masa daga gefen wuya. Ka rufe gashin da kati kafin ka taɓa jan leɓe, sannan ka turo mana hoto mu gani.