Kohler K301 na mutuwa da ya yi zafi, amma wuta na nan a fulogi

Salamu alaikum, masu gyaran tsofaffin injuna.

Ina tada wata tsohuwar ƙaramar tarakta Wheel Horse a nan Sakkwato, injinta Kohler K301 ne mai ƙarfin doki 12. Da sanyin safiya bugu ɗaya take tashi. Bayan kamar minti 20 tana aiki, sai ƙarfi ya ragu, ta yi ta tari ta salansa, ta mutu. Ba ta sake tashi sai ta huce sarai.

Na wanke kafireta da tanki, na sa sabon fulogi da sabuwar kwandansa (condenser, ɗan na'urar da ke taimaka wa wutar fulogi), na saita tazarar kontak (maɓallin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta) a inci 0.020. Na buɗe murfin tanki ko iska ce ba ta shiga, babu canji. Ƙurar da ta toshe haƙarƙarin silinda masu sanyaya injin ma na kakkaɓe ta tas.

Abin da ya ɗaure mini kai: a daidai lokacin da ta mutu, fulogi na ba da wuta shuɗiya, fetur na isa kafireta, amma injin na juyawa sakayau kamar babu matsi. Da ya huce, matsin ya dawo. Tazarar bawul ɗin hayaƙi a sanyi inci 0.018 ce, wato daidai take. Awon matsi bai taimaka ba, domin injin na sassauta matsi da kansa wajen tayarwa.

Ina zargin bawul ɗin hayaƙi ke maƙalewa a hanyarsa in ya kumbura. Ta yaya zan tabbatar da haka kafin in kwance kan silinda, tunda gasket ɗinsa na da wuyar samu a nan?

Na gode.