Makin darasin ɗa'a: hujja ake aunawa ko matsaya?

Malamin darasin: Ga tambayar gwajin da ta jawo maganar nan. Mutum ya ɓoye abokinsa a ɗaki, mai neman kashe shi ya zo bakin ƙofa yana cigiyarsa, shin ya halatta a yi masa ƙarya? Wani ɗalibi ya kare matsayin da Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya ɗauka a 1797, cewa ko a wannan hali ƙarya ba ta halatta ba, ya kawo sukar da ake yi wa ra'ayin, ya kuma amsa ta, sai na ba shi 24 cikin 30. Wata ɗaliba ta rubuta layi huɗu cewa ceton rai yana gaba da komai, ta ajiye biro, na ba ta 13. Ra'ayinmu ɗaya da ita, amma hujja nake aunawa.

Tsohuwar malama a sashen: Malam, ka gafarce ni, ban gamsu ba. Ranar yaye ɗalibai muna shelanta cewa sun cancanta ta fuskar hali da ilimi, kuma Aristotle kansa, masanin falsafar Girka na zamanin da, ya ce manufar karatun ɗa'a mu zama mutanen kirki ce, ba mu san ma'anar kirki kawai ba. Ta yaya wanda ya halatta a miƙa aboki ga makashi zai ɗara wadda zuciyarta ta kai ta ga gaskiya da maki 11?

Wakilin aji: Malam, mu abin da ya fi damunmu shi ne ba a faɗa mana ma'aunin ba tun farkon zango. Mun san gwaji yana da 30, jarrabawa 70, wanda ya gaza 40 ya faɗi, mun kuma san sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa, amma babu wanda ya nuna mana yadda ake raba makin a cikin amsa guda.

Malamin darasin: Wannan kukan naka gaskiya ne, kuma laifina ne. Kafin jarrabawa zan raba muku takarda mai nuna kason bayanin ra'ayi, da kason kawo suka, da kason amsa ta, kuma da lambar rajista zan duba takardunku ba da suna ba. Amma Hajiya, ranar da ɗalibai suka gane matsaya nake saka wa maki, ranar za su daina tunani su koma laluben abin da ke raina, alhali ajin nan akwai Musulmi akwai Kirista. Da yarinyar ta kawo riwayar Ummu Kulsum da ke cikin Sahihu Muslim, wadda ta sassauta ƙarya a yaƙi da sulhu da tsakanin ma'aurata, sannan ta nuna cewa kare rai ya fi waɗannan cancanta, da ta wuce yaron nan nesa ba kusa ba.

Tsohuwar malama a sashen: Na ji wannan, sai dai har yanzu ina ganin akwai matsayar da kyan tsari ba ya wanke ta. Tunda ka yarda ba a sanar da su ma'aunin ba, ka ba duk ajin damar sake rubuta amsar, kuma ka kawo mini takardun nan biyu in duba su ba tare da na ga makinka ba.