Tambaya: Yaushe sabuwar manufa take zama doka a kan mambobin ƙungiya?

Magatakarda:
Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Kwamitin zartarwa ya kawo shawarar a ƙara kuɗin wata, kuma a dakatar da duk wanda bai biya ba. Shugaba ya karanta a babban taro, aka yi tafi, aka wuce. Yanzu wasu mambobi sun ce ba su taɓa amincewa ba. Ina roƙon masana su fayyace mini: me ya kamata a yi kafin a ce an amince da manufa?

Tsohon Akawun Majalisa:
Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Tafi ba ƙuri'a ba ne. A tsarin da Henry Martyn Robert, injiniyan sojan Amurka, ya wallafa a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa suke bi har yau, sai an fara tabbatar da cewa adadin mambobin da kundin ƙungiya ya gindaya sun halarta. Daga nan mamba ya gabatar da ƙuduri, wani ya goyi bayansa, shugaba ya maimaita shi da ainihin lafazinsa, a buɗe muhawara, kuma idan an kawo gyara a fara kaɗa ƙuri'a a kan gyaran kafin a koma kan ƙudurin. Wajibi ne shugaba ya tambayi masu goyon baya, ya kuma tambayi masu adawa, sannan ya bayyana sakamako, kai kuma ka rubuta. Inda nake ganin kun yi sake shi ne ba a ba masu adawa damar ɗaga hannu ba, kuma wannan dama ita ce take sa wanda aka rinjaya ya karɓi hukuncin da zuciya ɗaya.

Hajiya Ma'aji:
Ranka ya daɗe, ina da ja kaɗan. Mutanenmu sun fi son maslaha, kuma ƙirga hannu kan raba zumunci.

Tsohon Akawun Majalisa:
Hajiya, tsarin bai hana maslaha ba. Shugaba yana iya tambaya ko akwai mai ja. Idan aka yi shiru, an amince. Amma da zarar mutum ɗaya ya ce yana da ja, dole a koma ga ƙuri'a.

Ɗalibar Shari'a:
Malam Magatakarda, ka duba kundinku tukuna. Idan an rubuta adadin kuɗin wata ko sharuɗɗan dakatarwa a ciki, to gyaran kundi kuke yi, wanda a tsarin Robert yakan buƙaci sanarwa tun kafin taro da rinjayen kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa. Ko kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bambanta mataki: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa ya isa a yi zama, amma gyara kundin sai da kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Idan kuma ƙungiyarku tana da rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, gyaran kundi sai an kai mata ta amince. Shawarata ita ce ku aika wa kowa rubutaccen ƙudurin tare da ajandar taro mai zuwa, kada a dakatar da kowa kafin a sake kaɗa ƙuri'a.