Allurar da za a yi min kafin in ba ƙanena ɓargo, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ke fama da kansar jini, wata biyu ke nan muna Indiya. Gonar gado muka sayar, ita ma sai da kawu ya sa baki kafin yayanmu ya yarda. Cikin mu biyar, nawa kaɗai ya dace da nasa. Likita ya ce za a yi min allurar filgrastim kwana 5 don ƙwayoyin ɓargo su fito cikin jini, inji ya tace su. Maigida ya kira yana faɗa, wai tana kashe garkuwar jiki. Barci ya ƙaurace min.

Nas Hadiza: Wa'alaikumussalam. Ba ta kashe garkuwa. Fararen ƙwayoyin jini ne ke yawaita, baya da ƙugu su yi ciwo, kai ya sara, saifa ta ɗan kumbura. Mako ɗaya zuwa biyu jini ya koma daidai. Ƙanenki ne abin dubawa. Abin da inji ke tacewa yana ɗauke da sojojin jini masu suna T kusan ninki 10 na ɓargon da ake zuƙowa daga ƙashin ƙugu. Allurar tana rage musu zafi, shi ya sa ba sa far wa jikinsa nan take yadda yawansu zai sa a zata, amma daga baya sun fi jawo ciwon fata, ido da baki mai daɗewa. Tambayi likita dalilin da bai zaɓi na ƙugu ba.

Abu Sadik: Ki bi maganar mijinki, baiwar Allah. Mu da muka kai ƙanwata waje, kuɗi kawai aka karɓa, ko tafinta ba a ba mu ba. Har yau bashi nake biya.

Maman Ilham: Anti, likitan ya ce wanda ake tacewa daga jini ya fi saurin kamawa, kuma ni tsoron a sumar da ni don zuƙo na ƙugu nake. Ba garaje muka yi ba.

Nas Hadiza: Ke AA ce ko AS?

Maman Ilham: AS.

Ummu Faruk: Innalillahi! Kada ki yarda. Ɗana mai sikila an hana a yi masa ita.

Nas Hadiza: Masu SS ne take jefawa cikin haɗari. An sha yi wa masu AS lafiya lau. Sai dai ki tabbatar likitan ya sani.

Maman Ilham: Ai sun auna ni, sun sani. Gobe da safe za a fara, kuma har yanzu maigida ya ƙi ɗaga wayata.