Allurar Penta: rigakafi biyar a sirinji ɗaya?

Maman Hanif: Jama'a, ɗana ya cika sati 6 an yi masa Penta a cinya. Ma'aikaciyar ta ce cuta biyar take karewa. Daren nan jikinsa ya yi zafi, wurin ya kumbura. Anya ba ta yi wa jariri yawa ba?

Hajiya Binta: Kwantar da hankalinki 'yata. Zafin kwana ɗaya ko biyu ne. Ki ci gaba da ba shi nono. In ya wuce haka ko ya ƙi kama nono, ki kai shi asibiti.

Anti Rabi: Cututtukan biyar su ne mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B da ƙwayar Hib mai jawo sanƙarau. An haɗa rigakafinsu ne don a rage masa huji. Saura na sati 10 da 14, kar ki bari katin ya ɓata.