Galahanga (autism) da taɓin hankali: suna rage laifi ne?

Ga abin da na tsinta a wata muhawara da aka tafka kan ko galahanga da taɓin hankali suna rage wa mutum laifi a kotu. Yawancin masu magana sun ce takardar likita ita kaɗai ba ta wanke mutum, abin da kotu ke dubawa shi ne lokacin da ya yi aika-aikar ya san me yake yi, ya san haramun ne? Wannan ma'aunin tun 1843 yake a Ingila, daga shari'ar wani mai taɓin hankali da ya yi kisa, mai suna M'Naghten. Wani ya kawo misalin mutumin da ya bi ta kan mutane da mota a birnin Toronto na Kanada a 2018, lauyoyinsa suka fake da galahanga amma a 2021 alƙaliya ta ce ina, ya san abin da ya yi sarai.

Masu ciwon da ke sa jin muryoyi kuwa lamarinsu daban ne, ana iya tura su asibitin da ake tsarewa maimakon kurkuku, kuma fa ba sakin su aka yi ba, wani ma ya fi daɗewa a can.

Shawarar da ta fi kama min hankali ita ce a daina yi wa masu galahanga kuɗin goro, galibinsu su ake zalunta. Iyali kuma in sun ga mai taɓin hankali ya daina shan magani ko barci ya ƙaurace masa, su garzaya gun likita tun da wuri.