Shuka zurma a tsakar gida: yanzu ko sai damina?

Maman Yara: Assalamu alaikum. An ba ni 'ya'yan zurma, ina son inuwa jikin katangarmu a Gwale. Ga shi muna Janairu. In shuka a leda yanzu, ko in jira damina? Gidan akwai ƙananan yara.

Mai Lambu: Hajiya, sanyin hunturu kan danne ta a ƙasa har ta ruɓe. Bari Maris ya kama. Ki jiƙa a ruwa mai ɗumi kwana ɗaya, kar ya wuce. Rami zurfin gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3, ƙwaya biyu a ciki. Tsiro sati 1 zuwa 3. Tazara mita 1.

Ɗan Fagge: Leda ba ta yi ba, saiwarta doguwa ce, ba ta son dashe. Ɓawon na da tauri, a ɗan goga shi a jikin siminti, amma ban da wajen ɗan farin kan nan. Kuma kar a sa ta inda ruwa ke kwanciya.

Baba Tsoho: Duk kun tsallake maganar yara. Ƙwayar nan guba ce mai kisa in aka tauna, kuma ba ta da makari. Ƙwanson in ya bushe fashewa yake, 'ya'yan su watsu tsakar gida, ga sheƙi kamar kaska. Yaro na tsinta sai baki. Sai bayan awoyi amai da gudawa su taso, a tsaya ɗura masa manja ana cewa maye ne. Asibiti kawai.

Mai Lambu: Gaskiya ne Baba, amma in ana yanke furen kafin ya ɗaura 'ya'ya, shi ke nan.

Baba Tsoho: Wa zai hau yankewa in ta wuce katanga?

Na Kurna: Iri dai na tsada a Kurmi.

Ɗan Fagge: Tsada? Abin da ke fitowa kyauta a kan juji? An gan ka da sabuwar shadda ne.

Na Kurna: Mai jujin Fagge zai koya mana noma? Ina lambunka?

Uwar Gida: Ku bar ta zurma, awakin maƙwabta fa? Ba su barin ko zogale. Ka kewaye da waya su tura, ka kai ƙara wurin mai unguwa a ce ka yi haƙuri.

Maman Yara: To ni in shuka ne ko in fasa?